Wuyar samu ita ce daraja: yadda ake jera hannuwan poka

A wata fada da ke unguwar Zariya a nan Maradi, inda aka saba raba dare ana buga wasan kartar belot ana jiran shayi na uku, na tarar da gardama tsakanin samari biyu a kan wasan poka da suke yi a wayar salula, irin wanda ake bugawa da kuɗin wasa. Ɗaya ya samu biyar, shida, bakwai, takwas da tara a jere, ɗayan kuma ya samu kati biyar duka masu zanen zuciya amma lambobinsu a warwatse, sai wayar ta ba na biyun nasara. Wanda aka kayar ya miƙo mini wayar yana cewa, "Yaya, don Allah duba mini nan, ta yaya tarkacen da babu abin da ya haɗa su sai zane za su ci jeri guda?" Na ce masa wayar ba ta cuce shi ba, kuma dalilin ba son ran wanda ya tsara wasan ba ne, ƙidaya ce kawai. Bayanin da ban iya yi masa a tsaye a wannan dare ba shi ne zan yi a nan.

Kowa a garin nan ya san cewa poka idan an sa kuɗi caca ce, kuma hukuncin caca a Musulunci a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, saboda haka ba wannan ƙofa na zo buɗewa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne lissafin da ke ƙarƙashin wasan, wanda shi ne irin lissafin ƙidayar da ake koya wa ɗaliban ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, kuma da wuya a samu misalin da ya fi wannan fito da shi fili.

Ana buga poka da ƙunshin karta mai kati 52, ba mai 32 da muka saba da shi a belot ba. Katunan sun kasu dangi huɗu, wato ker mai zanen zuciya, karo, pik da tirefil, kuma kowane dangi yana da kati 13 waɗanda darajarsu ta taso daga biyu zuwa goma, sannan vale, dam, sarki, da as a can sama. Duk wanda ya zo daga belot sai ya ajiye abubuwa uku a bakin ƙofa. Na farko, babu atu, wato dangin da ake ɗora wa ikon cin sauran, don haka valen da ke da maki 20 da tara mai maki 14 a belot, a nan ƙananan katuna ne da ke zaune a gurbinsu na asali, kuma goma ba ta tsallake sarki ba. Na biyu, babu dangin da ya fi wani, pik bai fi ker ba, karo bai fi tirefil ba. Na uku, ba a tara maki, kati biyar ake ajiyewa a kwatanta da biyar na abokin hamayya, kuma waɗannan biyar ɗin su ake kira hannu. Kati uku ko huɗu a jere, waɗanda ɗan belot zai yi shelarsu ya karɓi maki 20 ko 50, a poka ba su da wani amfani muddin na biyar bai zo ba.

Hannuwan sun kasu aji tara. Mafi ƙasƙanci shi ne wanda babu abin da ya haɗu a cikinsa, sai dai a dubi babban katinsa. Sama da shi akwai tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya kamar sarki biyu, sannan tagwaye kashi biyu kamar sarki biyu da bakwai biyu, sannan ƴan uku, waɗanda manhajojin Faransanci ke kira birelan. Daga nan sai jeri, wato kati biyar masu bin juna a lamba ko da danginsu ya bambanta, sai kuma dangi ɗaya, wato kati biyar masu zane iri guda ko da lambobinsu ba su bi juna ba. Faransawa suna kiran wannan kuler, ma'ana launi, kuma sunan yana ruɗar mutane, domin launi biyu ne kawai a karta, ja da baƙi, alhali dangi huɗu ne. Wanda ya riƙe ker uku da karo biyu duk ja ne a hannunsa, amma bai haɗa komai ba. Sama da dangi ɗaya akwai cikakken hannu, wanda ake kira ful, wato ƴan uku tare da tagwaye, sannan ƴan huɗu, wanda ƴan belot suka sani da sunan kare, ba karen da ke gadin gida ba. A ƙololuwa akwai jerin dangi, inda kati biyar suka bi juna kuma duk zanensu ɗaya. Mutane da yawa suna ƙirga aji na goma, wato jerin sarauta, goma, vale, dam, sarki da as na dangi guda, amma a gaskiya wannan ba aji ne na daban ba, shi ne babba a cikin jerin dangi, kamar yadda as huɗu suke babba a cikin ƴan huɗu ba tare da an yi musu aji nasu ba.

Haddace wannan jeri ba wani aiki ba ne. Tambayar ita ce me ya sa aka jera shi haka, kuma amsar duk ɗan kasuwar Maradi ya san ta tun kafin ya taɓa ganin karta: tiyar gero a kaka da tiyar gero a tsakiyar damina gero ɗaya ne, ƙarancinsa ne ke ɗaga farashi. Hannun da ya fi wuyar samu shi ne ya fi daraja, kuma wuyar samu abu ne da ake iya ƙirgawa daidai, ba ƙiyasi ba.

Ga yadda ƙidayar take. Kati na farko da za a ba mutum yana iya zama kowane ɗaya daga cikin 52, na biyu daga cikin 51 da suka rage, haka har na biyar daga cikin 48. Idan aka ninka waɗannan lambobi biyar ana samun 311,875,200. Sai dai wanda aka ba as kafin sarki da wanda aka ba sarki kafin as hannu ɗaya suka riƙe, kuma kati biyar ana iya jera su ta hanya 120, don haka sai a raba wancan adadi gida 120. Abin da ya fito shi ne 2,598,960, kuma wannan shi ne yawan hannuwan da ake iya samu daga ƙunshi mai kati 52. Duk sauran bayani rabon wannan adadi ne tsakanin azuzuwan nan tara.

Na sama su ne suka fi sauƙin ƙirgawa. A kowane dangi ana iya samun jeri goma, daga as, biyu, uku, huɗu, biyar har zuwa goma, vale, dam, sarki, as, don haka jerin dangi guda 40 ne a duk ƙunshin, huɗu daga ciki na sarauta. Ke nan jerin sarauta yana zuwa sau ɗaya a cikin 649,740. Wanda ake raba wa hannu 50 kowane dare, ba fashi, a matsakaicin lissafi zai yi sama da shekara 35 kafin ya gan shi sau ɗaya, saboda haka idan ka ji mutum yana cewa ya sha samunsa da kati biyar na farko, to, a duba wanda ke yin rabon. Ƴan huɗu kuwa, lambobi 13 ne ake iya samun huɗunsu, kati na biyar kuma kowane ne daga cikin 48 da suka saura, 13 sau 48 ya ba da 624, wato kusan sau ɗaya a cikin 4,165. Cikakken hannu yana buƙatar a zaɓi lambar ƴan ukun daga cikin 13, a zaɓi uku daga katunanta huɗu ta hanya 4, a zaɓi lambar tagwayen daga cikin 12 da suka rage, a zaɓi biyu daga huɗu ta hanya 6, idan aka ninka duka ana samun 3,744.

Yanzu mun iso gardamar fada. Daga katuna 13 na dangi guda ana iya ɗebo biyar ta hanya 1,287, sau dangi huɗu ya zama 5,148, a cire jerin dangi 40 da aka riga aka ƙirga, saura 5,108. Jeri kuma iri goma ne kacal idan lambobi ake dubawa, kuma wannan ne ya sa idon mutum ke raya masa cewa jeri ya fi wuya. Abin da ido ba ya gani shi ne kowane kati a cikin jerin yana da ƴancin fitowa daga dangi huɗu: biyar ɗin tana iya zama ta ker ko ta pik ko ta karo ko ta tirefil, haka shida, haka bakwai, har zuwa tara. Huɗu sau huɗu har sau biyar 1,024 ne, sau goma 10,240, a cire 40 ɗin nan, saura 10,200. Ke nan jeri ya kusa ninka dangi ɗaya sau biyu a yawa. Shi yana zuwa sau ɗaya a cikin kusan 255, wancan kuwa sau ɗaya a cikin kusan 509. Saurayin nan ya ga tsari a hannunsa ya ga hargitsi a hannun abokinsa, sai ya ɗauka tsari ne ake biya, alhali kuwa ƙaranci ake biya.

Sauran azuzuwan suna da yawa ƙwarai. Ƴan uku 54,912 ne, tagwaye kashi biyu 123,552, tagwaye guda 1,098,240, hannun da bai haɗa komai ba kuwa 1,302,540. A dubi waɗannan biyu na ƙarshe da kyau, domin su ne ainihin wasan: rabin duk hannuwan da ake rabawa babu komai a cikinsu, kashi 42 cikin ɗari kuma tagwaye ne kawai. Idan aka haɗa su sun haura kashi 92 cikin ɗari. Duk manyan sunayen nan da ake zuzutawa, daga jeri har zuwa na sarauta, gaba ɗayansu ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Wannan ne ya sa ƙa'idar raba gardama a cikin aji guda ta fi muhimmanci a aikace a kan jerin azuzuwan kansa, ko da yake ita ce aka fi yin sakaci da ita. Idan mutum biyu suka zo da tagwaye, wanda tagwayensa suka fi girma shi ya ci. Idan tagwayen iri ɗaya ne, sai a koma kan sauran katuna ukun, waɗanda zan kira ƴan rakiya, a kwatanta babba da babba, idan sun yi daidai a sauka kan na biyu, sannan na uku. A tagwaye kashi biyu manyan ake fara dubawa, don haka as biyu da biyu biyu sun ci sarki biyu da dam biyu, duk da cewa ido ya fi ganin kwarjinin na biyun. A cikakken hannu ƴan ukun ne ke magana, takwas uku da biyu biyu sun ci bakwai uku da as biyu. A dangi ɗaya ana bin katunan ɗaya bayan ɗaya daga sama, a jeri kuma katin ƙarshe na sama kaɗai ake dubawa. As yana da fuska biyu a jeri, yana iya zama a sama da sarki, yana kuma iya zama ɗaya a ƙasa da biyu, amma idan ya sauko ƙasa to ya zama ƙarami, shi ya sa as, biyu, uku, huɗu, biyar shi ne jeri mafi rauni, biyu zuwa shida ma ya ci shi. Kuma jeri ba ya zagayowa: dam, sarki, as, biyu, uku ba komai ba ne. Idan duka biyar ɗin suka yi daidai a lamba, ba a komawa kan dangi, raba abin da ke tsakiya ake yi. Da yake dangi ba ya ƙara daraja, hannuwan nan sama da miliyan biyu da rabi suna taƙaituwa zuwa matakai 7,462 kacal, daga jerin sarauta a sama har zuwa bakwai, biyar, huɗu, uku, biyu masu dangi daban-daban, wanda babu hannun da ya kai shi talauci.

Irin pokar da aka fi samu a wayoyi yau ita ce ta Teksas, wadda ake kira holdem. A cikinta kowa kati biyu ake ba shi a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a karon farko, sannan ɗaya, sannan ɗaya, kowane ɗan wasa ya zaɓi biyar mafi kyau daga cikin bakwai ɗin. A nan kurakuran sabon shiga suke yawa. A ce wani yana riƙe da as da sarki, wani kuma as da tara, a tsakiya akwai as, bakwai, bakwai, huɗu da biyu. Dukansu suna da as biyu da bakwai biyu, sai ɗan rakiya ya raba su, sarki ya ci tara. Amma a ce ɗaya yana da as da tara, ɗayan as da takwas, a tsakiya kuma akwai as, bakwai, bakwai, dam da biyu. Mai tara zai miƙa hannu yana murna, alhali kuwa hannun kowannensu as biyu ne, bakwai biyu da dam ɗin tsakiya. Tara da takwas duk sun zama kati na shida, kuma kati na shida ba ya shiga hukunci. Haka nan babu wani abu wai shi tagwaye kashi uku, domin biyar ba ta ɗaukar shida, sai a zubar da ƙananan.

Hannun ƙarshe na babbar gasar duniya ta 2003 a Las Vegas misali ne mai kyau na yadda daraja ke sauyawa da faɗowar kowane kati. Chris Moneymaker, wani akanta da ya samu gurbin shiga gasar ta hanyar wasan intanet, yana riƙe da biyar da huɗu, Sam Farha, wanda suka rage su biyu da shi, yana da vale da goma. Katuna ukun farko suka fito vale, biyar, huɗu. Farha ya samu tagwayen vale, mafi girman tagwayen da ake iya haɗawa da katunan tsakiya, amma abokin karawarsa, da ƙananan katunansa, ya riga ya haɗa tagwaye kashi biyu. Takwas ta biyo baya ba ta sauya komai ba, sannan wata biyar ta faɗo, ta ɗaga Farha zuwa tagwaye kashi biyu, ta kuma ɗaga Moneymaker zuwa cikakken hannu, biyar uku da huɗu biyu. Da wannan ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Gasar kanta an fara ta ne a 1970, kuma Doyle Brunson ya ci ta a 1976 da 1977, duka biyun yana riƙe da goma da biyu a hannun ƙarshe, duka biyun kuma suka zame masa cikakken hannu.

Sai dai wasan kati bakwai ya zo da wani abu da ke neman rushe ƙa'idar da muka kafa. Ana iya ɗebo kati bakwai daga 52 ta hanya 133,784,560, kuma a cikinsu tagwaye guda suna da kusan kashi 44 cikin ɗari, tagwaye kashi biyu kashi 23 da rabi, hannun da bai haɗa komai ba kuwa kashi 17 da ƴan kai ne kawai. Wato a holdem rashin samun komai ya fi samun tagwaye wuya. In haka ne, me ya hana a ɗaga shi sama da su? A nan gizo ke saƙa. Ɗan wasa shi ke zaɓar biyar ɗinsa, kuma wanda ke da tagwaye guda a cikin kati bakwai yana da lambobi shida daban-daban, mai tagwaye kashi biyu galibi yana da biyar, don haka da za a ce hannun da bai haɗa komai ba ya fi daraja, kusan kowa zai ɓoye tagwayensa ya fito da biyar marasa alaƙa, nan take abin da ake ganin ya yi ƙaranci ya zama shi ne ya cika kasuwa. Ƙarancinsa na bogi ne, saura ne kawai na waɗanda suka kasa samun abin da ya fi. Shi ya sa aka bar jerin yadda yake.

Tarihin wasan ma ya nuna cewa ba a rana ɗaya aka sauko da jerin ba. Poka ta taso ne a Amurka a farkon ƙarni na 19, a yankin birnin New Orleans da jiragen ruwan kogin Misisifi, kuma wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin irin wadda ya gani a 1829: kati 20 kawai, daga goma zuwa as, mutum huɗu, kowa biyar. A wancan wasa babu jeri, babu dangi ɗaya, kuma idan aka duba za a ga dalili, domin lambobi biyar ne kacal a ƙunshin, duk hannun da babu tagwaye a cikinsa dole ya zama goma, vale, dam, sarki, as. Abin da ake da shi shi ne tagwaye, tagwaye kashi biyu, ƴan uku, cikakken hannu da ƴan huɗu, kuma sunan cikakken hannu daga nan ya samo asali, don shi kaɗai ne katunansa biyar duka ke aiki. Da aka koma ƙunshi mai 52 domin mutane da yawa su samu shiga, sai dangi ɗaya ya samu gurbi, jeri kuma ya biyo baya wajen shekarun 1860. Da farko ma wasu sun ajiye shi ƙasa da ƴan uku, kuskuren da 10,200 da 54,912 suka isa su gyara. Shigowar jerin dangi kuma ita ce ta tuɓe as huɗu daga sarautar da suka daɗe a kai.

Hujja mafi ƙarfi cewa ƙidaya ce ke mulki tana cikin aljihun kowane ɗan fada. A ɗauki kartar belot mai kati 32, daga bakwai zuwa as, a buga poka da ita. Yawan hannuwa ya sauko zuwa 201,376. Kowane dangi yanzu kati takwas ne, ana ɗebo biyar daga takwas ta hanya 56, sau huɗu 224, idan aka cire jerin dangi 16, matuƙar as a sama kawai yake zama, saura 208. Cikakken hannu kuwa 8 sau 4 sau 7 sau 6 ne, wato 1,344. Lamarin ya juye gaba ɗaya: dangi ɗaya, wanda a ƙunshi mai 52 ya fi cikakken hannu yawa, a nan ya fi shi wuya fiye da sau shida. Dalilin a fili yake, raguwar lambobi tana sa katuna su riƙa cin karo da ƴan uwansu masu lamba ɗaya, tana kuma rage ƴan dangin da za a tara. Har ma ƴan huɗu, waɗanda suke 8 sau 28, wato 224, sun ɗan fi dangi ɗaya yawa, tagwaye guda kuma, da suke 107,520, sun ninka hannun da bai haɗa komai ba, mai 53,040. Don haka duk wanda ya kwafo jerin da ke cikin waya ya ɗora a kan kartar belot ya yi aron riga da ba ta dace da jikin ba.

Waɗanda ke buga poka da gajeren ƙunshi sun san haka. A Italiya, inda ake rage katuna gwargwadon yawan ƴan wasa, dangi ɗaya yana cin cikakken hannu. Haka abin yake a wani sabon salon holdem da ya yi tashe a Asiya, mai kati 36 daga shida zuwa as, inda cikakken hannu yake 1,728, dangi ɗaya kuma 480. Idan kuma yawan katin hannu aka rage, wani wurin ne ke juyawa: a poka mai kati uku, daga cikin hannuwa 22,100, jeri 720 ne, dangi ɗaya 1,096, saboda haka a can jeri ne ke sama. Da saurayin fadarmu irin wannan yake bugawa, da gaskiyarsa. Akwai ma salon da ake kifar da jerin kacokan, mafi rauni ya zama shi ne gwani, inda bakwai, biyar, huɗu, uku, biyu ke zama sarki, amma wannan zance ne na daban.

Wuri ɗaya ne na sani inda ƙa'idar ta kasa tsayawa da ƙafafunta, shi ne idan aka jefa joka a cikin ƙunshin, katin nan mai hoton wawan sarki wanda ake yarda ya zama duk abin da mai shi ya so. Akwai hanya 82,368 da mutum zai riƙe joka tare da tagwaye guda da wasu katuna biyu marasa alaƙa. Mai irin wannan hannu zai mai da jokarsa ta uku ga tagwayen, tunda ƴan uku sun fi daraja, sai yawan ƴan uku ya tashi daga 54,912 zuwa 137,280, ya haura tagwaye kashi biyu da ke nan a 123,552. Bisa ƙa'ida sai a ce to a sauya, a ɗaga tagwaye kashi biyu sama da ƴan uku. Ana yin haka, mai joka zai sauya shawara ya haɗa ta da ɗaya daga katunan nan biyu, sai tagwaye kashi biyu su kumbura zuwa 205,920, ƴan uku su koma 54,912. Duk wanda aka ɗaga a cikin biyun, shi ne zai fi yawa, kuma babu jerin da zai warware wannan. Masu wasa da joka sun zaɓi su bar ƴan uku a sama don al'ada, suka kuma ƙara wani aji a can ƙololuwa, ƴan biyar, wanda ya ci har jerin sarauta, tunda da joka guda hanya 13 kawai ake iya samunsa.

Da na koma fadar bayan kwana biyu na tarar sun ajiye waya sun ɗauko kartar belot suna gwada poka da ƙwayoyin gyaɗa, ga jerin hannuwa wani ya kwafo a bayan takardar sukari, ful a sama da kuler. Na karɓi biro na ja kibiya na sauya musu wuri. Wanda ya yi mini tambayar farko ya dubi takardar ya ce, "Yaya, shekaranjiya ka ce waya ce ke da gaskiya." Na ce masa ya ƙirga katunan da ke hannun mai rabo tukuna, ya faɗa mini ko sun kai 52.